Kada a kai hedifon ɗin Baba wurin mai gyaran waya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida in yi magana da 'yan'uwana masu gyara, musamman yaran da suka taso yanzu. Ni mai gyaran rediyo ne a Sabon Garin Zariya, tun zamanin kaset nake riƙe da ayan da dalma. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani aiki ne da ya shigo hannuna a hunturun da ya wuce, wanda har yau in na tuna shi raina yana sosuwa.

Wani dattijo ne a Samaru, tsohon malamin Jami'ar Ahmadu Bello, ya aiko ɗansa da kwali. Da na buɗe sai na ga hedifon ƙirar Stax Lambda, mai kunnuwa masu kusurwa huɗu, tare da ƙaramin akwatinsa SRD-7 da ake jonawa a bayan amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti. Dattijon ya sayo shi ne lokacin da ya je karatu Ingila, ya adana shi shekara da shekaru. Ɗan ya so ya yi wa mahaifinsa gwaninta, ya sa masa shi a wayar hannu, sai ya kai wa wani yaro mai gyaran waya. Yaron ya datse fulogin mai ƙafa shida, ya liƙa ɗan ƙaramin baki irin na iyafis. Bai ji komai ba. Sai ya kwance kunne ɗaya yana neman maganaɗisu da koyil, bai gansu ba, ya sa sukundireba ya tsokana, ya yaga wata 'yar siririyar leda, sannan ya ce wa ɗan, "Yallaɓai, abin nan fanko ne, an cinye cikinsa."

Ba fanko ba ne. Haka aka ƙera shi. Hedifon da muka saba da shi ƙaramar lasifika ce: maganaɗisu da koyil ne ke girgiza fatar. Wannan kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Duk wanda ya taɓa goga biro a gashin kansa da hunturu ya ga ta ɗauki guntun takarda, ko ya ga bargo yana tartsatsi cikin duhu, ya san irin wutar da yake aiki da ita. A tsakiya akwai tantani, kamar na kalangu amma na roba, kaurinsa bai wuce kashi 2 cikin 1000 na milimita ba, silin gashin mutum ya ninka shi kusan sau talatin. An shafe shi da wani sinadari da ke riƙe caji. Gaba da bayansa akwai faranti biyu masu huji-huji kamar rariya. Amfilifaya tana aika sauti ga farantan da ƙarfin ɗaruruwan bolt, ɗaya ya jawo tantanin, ɗaya ya tura shi. Da yake ba ya ɗauke da nauyin komai, da an ce tashi ya tashi, da an ce tsaya ya tsaya cak. Wayar hannu ba ta da ƙarfin da za ta motsa shi, ko da kuwa an liƙa mata baki goma.

Kamfanin Stax na ƙasar Japan ne, an kafa shi a 1938, ya fitar da hedifonsa na farko irin wannan, SR-1, a 1960, Lambda kuma ta fito a 1979. Tsofaffin suna karɓar cajin bolt 230, fuloginsu ƙafa shida. Daga 1982 aka kawo samfurin Pro mai bolt 580 da ƙafa biyar, aka kuma ƙara tazarar da ke tsakanin tantani da faranti daga 0.3 zuwa 0.5 na milimita. Da gangan ba a yi wa soket ɗin sabon ramin ƙafar nan ta shida da ke tsakiya ba, don kada tsohon ya shiga cikinsa. Don Allah kada kowa ya karye ta wai don fulogi ya shiga. Wuta za ta yi tsalle ta huda tantanin, kuma ramin ba ya ɗinkuwa.

Allah ya taimake mu, ledar da yaron ya yaga murfin ƙura ce, tantanin bai taɓu ba. Na tura ɗan ya koma ya karɓo tsohon fulogin, aka same shi a cikin durowa tare da matattun caja. Na bi wayoyin shida da mita ɗaya bayan ɗaya, huɗu na faranti, biyu na caji, na mayar da kowace gidanta. Na jona. Kunnen hagu ya yi magana tas. Na dama kuwa sai wani siririn kuka kamar na sauro, ya zo ya ɗauke, ya sake dawowa, kuma murya ta karkata gefe guda.

A nan aikin ya ci mini kwanaki. Kowa ya san ƙurar Zariya a watan Janairu, ka share tebur ka juya baya ka dawo ka rubuta sunanka a kai. Caji kuma yana jawo ƙura kamar yadda zuma ke jawo ƙuda. Don haka ban buɗe shi a shago ba. Gida na kai shi. Bayan sallar asuba, kafin iska ta tashi, na yayyafa ruwa a daɓen ɗaki, na rufe taga da ƙofa, na kashe fanka, na ja hula ta rufe gashina. Tun daren na cire shi daga wuta don cajin ya sauka. Da tocila da gilashin ƙara girma na leƙa cikin hujin farantin, sai ga shi: wani ɗan zaren auduga, bai kai rabin ƙwayar shinkafa ba, ya gitta tsakanin faranti da tantani. Ban hura da baki ba, domin tururin numfashi ma ɓarna ne. Da 'yar robar hura iska irin ta masu kyamara na lallaɓa shi har ya fita. Sabuwar ledar murfin sai da na jira mako uku wani abokin ciniki ya taho mini da ita daga waje, domin ledar kasuwa ta yi kauri, tana toshe sauti. Bayan na rufe na bar shi a jone kwana guda, murya ta dawo tsakiya.

Ni da kaina na mayar da shi Samaru. Dattijon ya sa wani tsohon faifan kiɗan kotso, ya ɗora a kai, ya rufe ido. Can ya cire ya miƙo mini ya ce, "Malam, saurara, har numfashin 'yan amshi ana ji." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai ko saukar yatsa a kan fata ina ji." Na daɗe ban ji daɗin sana'ata kamar ranar ba.

Tun da labarin ya bazu, wani likita ya kawo mini nasa, SR-007 samfuri na biyu, wanda aka fitar da na farkonsa a 1998, sai na samu damar jera su. Lambda tana da haske da sarari, ba ta da nauyi a ka, muryar mai karatu ko waƙa tana fitowa gaba, amma ganga ba ta da tsoka sosai. Ita 007 sautinta ya fi duhu da kauri, duman ganga yana sauka har ƙasa, sai dai tana da cin wuta: in amfilifaya ba ta da ƙarfi sai ta yi sanyi kamar marar lafiya. A kunnena, don karatu da gurmi da kuntigi, tsohuwar Lambda ba ta da abin jin kunya a gaban ƙanwarta mai tsada. Akwai waɗanda suka fi su kuɗi nesa, kamar Orpheus na kamfanin Sennheiser na Jamus da aka ƙera guda 300 kacal a 1991, amma tantani da faranti ɗin nan dai su ne a ciki.

Matsalar likitan daban ce. Amfilifayarsa ta kasuwar Japan ce, an rubuta bolt 100 a bayanta, wutarmu kuwa 230. Wani ya sayar masa da taransifomar rage wuta ta 110, irin ta kayan Amurka, ya ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, ga kuma wutar da ke hawa da sauka. Na'urar ta yi ta zafi har ta fara wari. Na sa masu naɗin koyil na nan Sabon Gari suka naɗa masa ta 100 daidai, na canja kafasitocin da suka kumbura. Yara, ku ji ni da kyau: kafasitocin nan suna riƙe ɗaruruwan bolt bayan an kashe wuta. A sauke su da rizisto, a auna da mita, kafin hannu ya shiga.

Ya kuma nemi in yi masa wani sauyi da masu irin wannan kaya ke yi, wato toshe ɗan ramin iska da ke jikin samfurin 007 na biyu da ɗan danƙo don duma ya daidaita. Na yi, domin gobe in bai so ba zai ɓamɓare. Amma da ya ce a cire murfin ƙura wai sauti zai ƙara fitowa, na ce, "Likita, ba da hannuna ba, ba a garin nan ba." Da damina ma laima tana zuƙe caji, shi ya sa na ce ya riƙa rufe shi a akwati tare da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi.

Malam Edita, ɗaliban Kwalejin Nuhu Bamalli da ke zuwa shagona koyon aiki suna da kai, abin da suka rasa shi ne bayani da harshen da suke tunani da shi. Ina roƙon ka ware mana ko rabin shafi ne a wata, masu gyara mu riƙa bayyana yadda kaya ke aiki da Hausa, ni zan fara. Su kuma iyalan tsofaffin malamai da ma'aikata na Samaru da Kongo da Tudun Wada, in kun ci karo da hedifon mai faffaɗar waya da fulogi mai ƙafa biyar ko shida a ɗakin ajiya, kada ku ba 'yan gwangwan. Ku nemi ƙaramin akwatin da ke tare da shi, ku sa su a leda ɗaya ku ɗaure bakin, sannan ku nemi tsohon mai gyaran rediyo.

Wassalam.

Naka,
Mai gyaran rediyo,
Sabon Gari, Zariya.