Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malamina Kan Masu Bautar Allolin Girka A Yau

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na samu tambayar da ka yi mini a gaban jama'a, inda ka ce tunda ina zaune a Atina, babban birnin Girka, in faɗa maka ko da gaske ne har yanzu akwai masu bauta wa Zeyus da sauran allolin Girkawan da, me suke yi daga wayewar gari zuwa faɗuwar rana, kuma shin abin nasu kamar bori ne ko kuwa wasa ne da ake shirya wa masu yawon buɗe ido. Tunda a fili ka tambaya, ya dace in amsa a fili. Akwai su, Malam, kuma da gaske suke. Ni Musulmi ne, abin da suke yi shirka ne a aƙidarmu, ban kuma taɓa ɓoye musu haka ba; amma kai ka koya mana cewa duk wanda zai ba da labarin wasu mutane, amana ce a wuyansa ya faɗe su yadda suke.

Tsarin mulkin Girka ya ɗauki Cocin Otodoks a matsayin addinin da ya rinjayi ƙasa, don haka masu bin tsohon addini 'yan tsiraru ne. Fitacciyar ƙungiyarsu, YSEE, wato majalisar ƙoli ta Girkawa masu bin addinin gargajiya, an kafa ta a 1997, kuma marubuci Vlassis Rassias, wanda ya rasu a 2019, na cikin waɗanda suka kafa ta. Sai a 2017 gwamnati ta amince da addinin nasu a hukumance, abin da ya ba su damar buɗe wurin ibada da ɗaura aure bisa tsarinsu. Akwai kuma wasu ƙungiyoyin, irin su Labrys a nan Atina, da Hellenion a Amurka. Hotunan da ake yaɗawa na mutane cikin fararen riguna, riƙe da wutar yula, galibinsu daga bukukuwa ne irin na Prometheia, wanda ake yi kowace shekara a gindin dutsen Olimpus. Wanda hoton kaɗai ya gani ba laifinsa ba ne idan ya ɗauka wasan kwaikwayo ne, sai dai biki na 'yan kwanaki ne, ibadar kuwa a cikin gida take.

Wani maƙwabcina mai gyaran wutar lantarki ya taɓa ba ni izinin tsayawa daga bakin ƙofa in ga yadda yake fara yininsa. A ɗakin girkinsa akwai ɗan katako a jikin bango, da fitilar man zaitun, da kaskon turare, da ƙaramin kwano na yumɓu. Ya kunna busasshen ganye mai ƙamshi ya tsoma shi cikin ruwa har ya mutu, ya wanke hannu da fuska da wannan ruwan, domin a wajensu ba a tunkarar abin bauta da dauɗar harkokin yau da kullum. Sannan ya kunna fitilar da sunan Hestiya, wadda suka ɗauka ita ce mai kula da murhu, ya zuba lubban a garwashi, ya tsaya a miƙe, hannuwa a ɗage, tafi na kallon sama, ya yi addu'arsa da murya a bayyane. Daga nan ya ɗiga ruwa da zuma a kwanon, ya rufe da ambaton Hestiya kamar yadda ya buɗe da ita, ya ɗauki jakar aikinsa ya fita. Babu ganga, babu taro, kuma duka abin bai kai tsawon shan shayi ba.

Wannan ƙaramin aiki shi ne gindin addinin tun asali, kuma masu mulkin da suka murƙushe shi sun san haka. Dokar da Sarkin Rum Tiyodosiyas ya fitar a shekarar 392 Miladiyya ba ta tsaya ga hana yanka a ɗakunan bauta ba, har kunna fitila da ƙona turare da rataye furanni ga allolin gida ta haramta. Wanda ya rubuta wannan doka ya gane cewa muddin wutar cikin gida ba ta mutu ba, rufe manyan gine-gine ba zai wadatar ba.

Lissafin kwanakinsu na wata ne, bisa tsohuwar kalandar Atina. A daren ƙarshe na wata, lokacin da duhu ya cika, sukan share gida tas, su yi ƙoƙarin sauke bashin da ke kansu, su ajiye wa Hekati, wadda suka ɗauka ita ce mai kula da mararraba da ƙofofi, abinci kamar ƙwai da tafarnuwa a mararraba ko a ƙofar gida. Da yawa daga cikinsu a yau sadaka suke kai wa mabukata a wannan dare. Idan jinjirin wata ya tsaya, ranar farko ta allolin gida ce baki ɗaya, a ita ake sabunta wani ɗan tulu mai ruwa da man zaitun da hatsi, wanda ake ajiye wa Zeyus a ɗakin ajiyar abinci don neman albarkar abin da gida ya mallaka. Ranar 3 ta Atena ce, 6 ta Artemis, 7 ta Apolo, 8 ta Fosaidon.

Abin da ke ƙarƙashin duk wannan zube-zube shi ne fahimtarsu cewa zumunci tsakanin mutum da abin bautarsa ana gina shi ne da kyauta a kai a kai, ba sai ranar da buƙata ta taso ba. Ba su da littafi guda da aka saukar, ba su da kalmar shahada, kuma bayaninsu game da lahira ya sha bamban daga mutum zuwa mutum. Tarbiyyarsu suna ɗebo ta ne daga masana falsafa da kuma gajerun wasiyyoyin da aka danganta ga ɗakin bautar Apolo na Delfi, irin su mutum ya san kansa, kuma kada ya wuce gona da iri. Karrama baƙo ma ibada ce a wajensu, domin sun ɗauki Zeyus a matsayin majiɓincin baƙi. Ni baƙo ne a ƙasar nan, kuma na ga tasirin wannan a yadda maƙwabcin nan nawa yake mu'amala da ni.

Game da bori, kamannin da ke tsakaninsu bai wuce yawan waɗanda ake kira da kuma kai musu abin da suke so ba. A ibadar gida ta Girkawan nan babu hawan iska, kuma galibinsu sun bar yanka dabba. Babban bambancin ma a wajen gado yake. Bamaguje a hannun iyayensa ya karɓi abin da yake yi, su kuwa waɗannan igiyarsu ta tsinke. Sarkin Rum Jastiniyan ya hana masu tsohon addini koyarwa a 529, abin da ya kawo ƙarshen makarantar falsafa ta Atina, kuma mutanen yankin Mani na kudancin Girka, waɗanda ake ambata cikin na ƙarshe da suka riƙe allolin, sun karɓi Kiristanci a ƙarni na 9. Saboda haka mai bautar Hestiya a yau daga tsofaffin rubuce-rubuce, da zanen jikin tukwane, da abin da masu tonon tarihi suka haƙo yake harhaɗa ibadarsa. A nan ne nake ganin rauninsu yake, kuma masu gaskiyar cikinsu ba sa musun hakan. Shi ya sa saɓani ba ya ƙarewa a tsakaninsu: wasu na cewa sai an bi na da sau da ƙafa, wasu na cewa zamani ya sauya, wasu na ganin addinin gadon Girkawa ne, wasu na ganin ƙofarsa a buɗe take ga kowa.

Akwai kuma wahalar da ke damunsu wadda nake jin tausayinsu a kanta, ko da ban yarda da abin da suke bauta wa ba. Tsofaffin ɗakunan bautarsu, har da Fatenon da ke kan tudun Akropolis, kayan tarihi ne a ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu. Mai ibada da tikiti yake shiga tare da masu ɗaukar hoto, kuma ba shi da ikon kunna turare ko zuba zuma a wurin sai da izinin hukuma, wanda samunsa ba shi da sauƙi. Da yawa daga cikinsu kuma a gidajen Kirista aka haife su, aka yi musu baftisma suna jarirai, don haka duk lokacin da haihuwa ko aure ko mutuwa ta zo, sai an zauna da dangi an yi doguwar magana kafin a san bisa wane tsari za a yi.

A gaida mutanen gida da sauran ɗalibai. Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana.

Wassalam,
Ɗalibinka, daga Atina.