Godiya ga nas-nas na ɗakin mata, Asibitin Sir Yahaya, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuta wannan, hidima ce ta yi yawa, amma tunda mun iya fitowa mu yi ta surutu in an ɓata mana a asibiti to in an kyautata ma ya kamata a faɗa a bainar jama'a.

Cikin azumin da ya wuce muka kawo Innarmu daga wani ƙauye a ƙasar Argungu, ciwon suga ga kuma gyambo a ƙafa wanda ta ɓoye mana kusan wata biyu tana ɗaure shi da tsumma da sassaƙe. Da kyar muka shawo kanta ta shiga mota, saboda wani ɗan asibiti da aka taɓa kai ta can baya inda wata ta daka mata tsawa gaban mutane wai ƙauyanci ne ke kashe su, tun ranar ta rantse ita da asibiti sai dai a kai gawarta.

Ni ne ɗan fari, kuma duk Bahaushe ya san me wannan ke nufi, ko sunana ba ta faɗa balle ta buɗe ƙafa a gabana. Sista ta tambaye ta ya jiki ta ce da sauƙi, ina ke ciwo ta ce Alhamdulillahi, ni kuma ina tsaye sai amsawa nake a madadinta kamar na san komai. Sistar nan ta dube ni ta dubi Inna da ta kau da kai, sai ta ce Malam don Allah a je a karɓo mana kati, alhali katin yana hannunta ina ganinsa. Ta ja labule. Ƙanwata da ta zauna ciki ta ce da na fita sistar ta jawo kujera ta zauna, ta fara da ina kwana Inna, ya mutanen gida, ya aka baro shinkafar fadama, ba ta koma kan "ya jiki" ba sam, sai ta ce jiya da dare kin samu barci? sau nawa kika tashi fitsari? kina iya taka ƙafar zuwa alwala? Nan fa Inna ta buɗe baki. Mu mutanenmu ko rai na fita "da sauƙi" za su ce, wanda bai san haka ba sai ya rubuta a fayil cewa mara lafiya ta samu sauƙi.

Rigimar da ta fi ba ni tsoro ita ce ta azumi. Likita ya rubuta allurar insulin, Inna ta ce "ni ban aje azumi, tun ina budurwa ban taɓa sha ba sai da lalura ta mata". Wallahi na zaci za a yi faɗa. Metiron, wato shugabar nas-nas, ita ce ta zo da kanta ta ce Inna ai Wanda ya wajabta shi Shi ne ya ce mara lafiya da matafiyi su rama a wasu kwanaki, yana nan cikin Baƙara, kuma kar ki ɗauki maganata, ki sa a kira miki malaminku. Aka kira shi a waya ya faɗi abu ɗaya. Sannan ta nuna mata ɗan injin gwajin, ta ce ko mai suga da likita ya bari ya yi azumi, in lambar nan ta sauka ƙasa da 70 ko ta haura 300 dole ya sha ruwa, ke kuma ga allura ga miki a ƙafa. Inna ta yi shiru can ta ce a ba ta kunu.

Haka aka yi da maganin gida. Mun ɓoye gorar rubutu ƙarƙashin gado kamar ɓarayi, wata nas ta gani ta yi dariya ta ce rubutu da tofi ba mai hana ku, amma zumar da kuke zubawa ciki ku daina don tana ɗaga suga, jiƙon sassaƙe kuma a dakata, kada kuma a sake barbaɗa komai kan mikin. Da cewa ta yi a zubar da duka, na san halinmu, da mun ci gaba da ba ta a ɓoye har da zumar. Ita ce kuma ta tuna wa Inna cewa za ta iya shafa a kan bandeji ko ta yi taimama, aka kawo ɗan dutse aka ajiye mata a gefen gado. Abin da ya ba ni mamaki, wannan nas ɗin Badakkara ce daga Zuru, Kirista, amma in za ta wanke miki takan duba agogo ta ce bari Inna ta yi azahar tukuna.

Kuma ba mu kaɗai ba, gadon kusa da mu wata Bafulatana ce da Hausarta ba ta nuna ba, suka nemo wata mai shara da ke jin Fulatanci tana fassara, ba su tsaya yi mata ihu da Hausa kamar kurma ba. Jiharmu ai haka take, Kabawa da Fulani da Zabarmawa da Dakarkari da Kambari duk ɗaki ɗaya ke haɗa su. Wata 'yar'uwata da ke karatun nas ta ce wai darasi ne guda ake koyarwa, wata nas ta Amurka mai suna Madeleine Leininger ta faro shi tun wajen shekarun 1950, cewa jinya ba ta cika sai an san al'ada da addinin mai ciwo. Ni dai ban san Turancinsa ba, a aikace na gan shi, ga zafin Birnin Kebbi ga cunkoso ga su kansu wasu da azumi a baki.

Kwana 16 muka yi, ƙafa ta tsira ba a yanke ba, yanzu ƙanwata ke yi mata allurar kamar yadda kuka koya mata. Ban kama suna ba don ban nemi izininku ba, amma kun san kanku, daga metiron har masu dutin dare da masu shara. Allah ya saka da alheri, ya yi wa zuri'arku albarka, ya sa gwamnati ta dube ku. Inna ta ce a gaida "ɗiyata ta Zuru", kuma busasshen kifin da ta yi alkawari yana nan tafe ranar da za mu dawo ganin likita, ta ce kar wadda ta ce mata ba a karɓa.