Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Masu Haɗa Manhaja: Aikin Sikelin Shinkafa

Assalamu alaikum 'yan'uwa mambobi.

Bana kusan duk ƙarfin ƙungiya ya tafi kan aiki ɗaya: manhajar da ke ɗaukar nauyin shanshera daga sikeli zuwa wayar mai saye ta Bluetooth, ba sai da intanet ba, tunda sabis kan yi wuya a wuraren awo na fadamun Argungu da Suru. Haɗin bai da yawa: ma'aunin nauyi a ƙarƙashin farantin sikeli, ɗan guntun lantarki HX711 mai karanta shi, sai ESP32, ƙaramin allon kwamfuta mai turawa waya.

Sikelin bai ba da wahala ba, wayoyin ne suka ba da. Daga Android 12 sai manhaja ta nemi izinin BLUETOOTH_SCAN da BLUETOOTH_CONNECT, amma daga 6 zuwa 11 izinin sanin wuri ake nema. In aka manta da ɗaya, waya ba za ta ga sikelin ba, kuma sau da yawa ba za ta ce uffan ba. Haka in manhaja ta fara neman na'ura fiye da sau 5 cikin daƙiƙa 30, Android kan toshe ta shiru.

Saƙon Bluetooth ɗaya bayit 20 kawai yake ɗauka (kusan harufa 20) in ba a nemi ƙarin MTU ba, wato iyakar girman saƙo, shi ya sa sunan manomi ke zuwa a gutsure. Yanzu lambarsa da nauyi kaɗai ake turawa. Kuskure mai lamba 133 kuwa, wanda Android kan nuna in haɗin Bluetooth ya gaza, ya yi sauƙi da aka riƙa kiran close(), umarnin rufe haɗi, bayan kowace yankewa, ana kuma jera umarni ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ba a gani sai an je fili: ruwa na shanye siginar 2.4 GHz da Bluetooth ke aiki da ita. Tarin buhunan ɗanyar shinkafa da cunkoson mutane, saboda ruwan da ke jikinsu, sun isa su yanke haɗin, balle an kulle ESP32 a akwatin ƙarfe. A sa shi cikin na roba, a ɗaure a sanda sama da buhunan.

NFC kam, wato karanta kati ta hanyar kara shi a waya, mun rage buri, domin ƙananan wayoyi da yawa ba su da shi. Manomi zai riƙe katin NFC samfurin NTAG213 mai ɗaukar bayit 144, wayar mai saye ta karanta daga tazarar da ba ta wuce santimita 4 ba. Kada a ɗora katin kan farantin sikeli, ƙarfe na hana shi karantuwa.

Saura matsalar wayoyin da ke kashe manhaja don tattalin batir. Duk mai tsohuwar Tecno ko Itel ya zo da ita taro na gaba a Birnin Kebbi a gwada.