Wasiƙa daga Verona a kan giyar Amarone

Zuwa ga aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na samu saƙonka inda ka ce baƙin otal ɗin da kake aiki suna tambayarka game da Amarone, kai kuma ba ka da abin ce musu sai farashinta. Tun da ina aiki a gonakin inabi na Valpolicella, arewa da birnin Verona a ƙasar Italiya, bari in bayyana maka yadda take.

Ba da inabi iri ɗaya ake yin ta ba. Corvina ne ginshiƙi, domin doka ta ba shi daga kashi 45 zuwa 95 cikin ɗari, sai Rondinella daga kashi 5 zuwa 30, ana kuma iya sa Corvinone ya maye gurbin Corvina. Amma nauyin da ake ji a baki daga shanya yake zuwa. Idan an tsinke inabin a watan Satumba ko Oktoba, ba a matse shi nan take; ana jera nonnansa a cikin akwatuna marasa zurfi a ɗakuna masu iska, ya yi wata uku zuwa huɗu yana bushewa har ya rasa kusan kashi 40 na nauyinsa. Ruwa ya tafi, sukari da ƙamshi sun taru wuri ɗaya, sannan a matse a bar shi ya tsima har sukarin ya kusa ƙarewa. Shi ya sa ƙarfinta ba ya gaza kashi 14, sau da yawa ma yakan kai 15 ko 16, kuma dole ta kwanta aƙalla shekara 2 kafin a sayar.

Launinta ja ne mai duhu sosai. Hanci yakan fara jin zabibi da busasshen ɓaure da baƙin ceri, daga baya koko da gahawa da ɗan ƙamshin ganyen taba su biyo. A nan ne masu sabon sani ke ruɗewa, domin ƙamshin yana sa su zaci za su ji zaƙi, sai su tarar da abu mai kauri da ɗumi wanda yake ƙarewa da ɗan ɗaci da bauri, irin wanda goro ke bari a harshe. A ganina wannan baurin, tare da ɗan tsamin Corvina, shi ne yake hana ta gundurar mai sha; wadda aka yi ba tare da su ba nauyi kawai gare ta. Mai son zaƙi na gaske, Recioto za ka nuna masa, wadda ake yi da busasshen inabin nan amma a tsayar da tsimin da wuri.

Kada ka haɗa ta da kifi ko abinci mara nauyi, za ta danne shi. Mutanen nan da naman da aka daɗe ana dafawa suke sha, ko tsohon cuku, har shinkafa suke dafawa da ita. Zafin garinku kuwa maƙiyinta ne: ka ajiye kwalbar a kwance a wuri mai sanyi, ka buɗe ta kamar awa ɗaya kafin a zuba, a sha tana wajen digiri 18.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yara.

Naka amini.