Zuwa ga ɗana, bayan shekara guda a kan keke

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar mahaifiyarka da ke tashi lokaci-lokaci.

Na ga saƙon da ka turo wa 'yan gida kana murnar cika shekara guda kana zuwa aiki a keke. Sau uku na karanta shi. Ban amsa a can ba, don maganar da ke bakina ba ta gaban ƙannenka ba ce.

Ranar da ka ce za ka ajiye mota, ni na ce ba za ka yi wata biyu ba, kuma ga shi ka ba ni kunya irin wadda uba ke so. Zuwanka na ƙarshe ina zaune na ga ka hau bene da yaron nan a kafaɗa, ka kai sama kana hira, babu haki. Bara warhaka a tsakiyar matakala kake tsayawa ka dafa bango. Teɓar ta tafi, fuskarka ta washe. Ka san abin da hawan jini ya yi mana a gidan nan, ka san wanda ya ɗauke mana, saboda haka babu wanda ya kai ni farin ciki da lafiyarka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. Kai minti 30 tafiya, 30 dawowa, kwana biyar, ka cike 300 ɗin a kan hanyar neman abincinka. Har binciken da ka taɓa turo min na Jami'ar Glasgow na 2017 na karanta, wanda ya bi mutum fiye da 250,000 ya ga masu zuwa aiki a keke sun fi tsira daga ciwon zuciya da sankara. Duk na yarda.

Amma akwai abin da ba ka rubuta a saƙon ba. Ƙanwarka ta faɗa min dalilin da ya sa ka wuni da riga mai dogon hannu ranar da ka zo. Kada ka ga laifinta, ni na tsare ta. Ta ce a mahaɗar titi tirela ta karya kwana kana gefenta, sai da ka yar da kanka a bakin hanya, tayar keken ta baya ta lanƙwashe. Wata uku ke nan, ka zo gidan nan ka durƙusa ka gaishe ni, ba ka ce komai ba.

Tun ranar da na ji, babbar mota nake gani in na rufe ido. Direban yana can sama, kuma akwai wuri a gefen motarsa, daga ƙasan ƙofa zuwa baya, da ba ya ganinsa ko da madubi. In tirela za ta yi kwana, takan fara buɗewa zuwa ɗaya gefen, sai mai keke ya ga fili ya ɗauka hanya aka ba shi, ya kutsa. Daga nan kan motar ya juyo, tayoyin baya su yanke kwanar, su bi ta cikin inda na gaba ba su taka ba. Mutumin da ke filin nan ba shi da wurin gudu. Hular kwano ba ta maganin wannan, ƙarfin cinyar da ka tara ma ba ya yi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titi duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙafa ne da masu keke da masu babur.

Kai kuma me ka rubuto mana? Kilomita nawa ka yi, minti nawa ka rage a tafiya. Da wa kake tsere? Wayar da ka ɗaura a kan keke tana ƙirga maka lokaci, kai kuma kana kutsawa tsakanin motoci a danja don kada ta nuna ka yi jinkiri. An ce kunnuwanka biyu a toshe suke da waƙa, fitilar baya ta mutu tun tuni, kuma bayan magariba kake tashi daga aiki. Kai ba yaro ba ne. Kana da mata, kana da ɗan da bai iya faɗin sunanka ba tukuna. Wannan ganganci ne, kuma ɓoye min da ka yi ya fi gangancin ɓata min rai.

Na san kuna cewa na cika tsoro. Har yau kana riƙe da hana ka keke da na yi kana ɗan shekara 12. Ni na je na tsinto takalmin kawunka a bakin titi, ƙafa ɗaya, igiyarsa a ɗaure. Kai ba ka gani ba, kuma ban so ka gani ba. In na yi tsanani a lokacin, wannan ne dalili.

Ban ce ka daina ba, ɗana, ba kuma zan ce ba. Ka ci gaba, Allah ya ƙara lafiya. Roƙona shi ne in ka tarar da babbar mota a mahaɗa, ka tsaya a bayanta har ta wuce, ko da hakan zai ci maka minti biyar. In ba ka ga fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba. Ka cire abin kunnen, ka sa farar fitila a gaba, ja a baya, ka sa a duba maka birki. Hular da ka faɗi da ita ka canza ta, don abin da ke cikinta sau ɗaya yake shanye bugu, ko da ba ka ga tsaga a waje ba.

Ban faɗa wa mahaifiyarka ba, kuma ba na son ta ji daga bakin wani. Ka kira ta da kanka. In ka sa fitilar, ka kunna ta, ka ɗauki hotonta ka turo min.

Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka