A sa sunan Shajaratud-Durr a tarihin Masar na 1250

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A shafinku na tarihi an rubuta cewa Izzuddin Aibak ne ya buɗe daular Mamluk, wato daular bayin sarki sojoji, a Masar a 1250. Ina koyar da tarihi a sakandare, kuma abin ya tsaya mini a rai, domin an tsallake matar da ta riƙe ƙasar a lokacin da take neman suɓucewa.

Sarkin Masar Sultan Salih Ayyub, na gidan Ayyubawa, ya rasu a Mansura a Nuwamban 1249, alhali Sarkin Faransa Luwis na Tara ya riga ya kama Dimyaɗ, birnin Masar da ke kusa da bakin teku. Matarsa Shajaratud-Durr ta ɓoye rasuwar. Aka ci gaba da kai abinci ɗakin sarki kamar yana kwance ba lafiya, takardun umarni suna fita ɗauke da sa hannunsa, ta kuma aika a ɗauko ɗansa Turanshah daga Hisn Kaifa, wani gari a Turkiyya ta yau. Da fadar ta rikice tun a ranar farko, da wuya sojoji su tsaya. Amma a Fabrairun 1250 suka ritsa da Faransawa a lungunan Mansura, ƙanen Luwis ya mutu a nan. A Afrilu aka kama Luwis da kansa a Fariskur, aka tsare shi a gidan wani jami'in fada, Ibn Luƙman, a Mansura.

Turanshah kuwa ya iso a ƙarshen Fabrairu, ya tarar an gama yaƙin Mansura, sai ya fara fifita mutanensa, yana yi wa bayin mahaifinsa barazana, har yana matsa wa matar uban nasa kan dukiya. Ranar 2 ga Mayu suka far masa. Ya gudu cikin hasumiyar katako, suka cinna mata wuta, suka ƙarasa shi a bakin Nilu.

Sannan hafsoshi suka ɗora Shajaratud-Durr. An ambaci sunanta a huɗubar Juma'a, an buga shi a kuɗi da laƙabin Uwar Halil, ɗanta da ya rasu yana jariri. Waɗannan biyun su ne shaidar sarauta a wancan zamani, Malam Edita. A mulkinta aka karɓo Dimyaɗ, Luwis ya biya fansa ya bar Masar.

Halifa Musta'asim na Bagadaza bai yarda mace ta yi mulki ba, sarakunan Ayyubawa na Sham ma suka bijire. Bayan kamar kwana 80 ta auri Aibak ta miƙa masa gadon, aka kuma haɗa shi da wani ƙaramin yaro na gidan Ayyubawa, Ashraf Musa, don a kwantar da hankula.

Ɗalibaina mata suna karanta wannan shafi. Ina roƙo a fitowa ta gaba a gyara, a sa sunanta kafin na Aibak.

Naka,
Malamin tarihi, Zariya