A Tura Yaranmu Karatun Sarrafa Injuna Kafin Jirgin Ƙasa Ya Iso

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin gwamnatin Jihar Katsina da iyayen yara a kan wani reshe na injiniyanci da ba a cika maganarsa ba, wato ilimin sarrafa injuna yadda za su auna abin da ke gudana, su daidaita tafiyarsu da kansu, ba sai mutum ya tsaya a kansu ba.

Na daɗe ina aikin lantarki a wata masana'anta, kuma akwai abin da har gobe yake ci mini rai. Babban injinmu ya tsaya cak, muka duba moto muka tarar lafiyarsa lau, muka bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya ba mu ga wadda ta ƙone ba, in ban da wata 'yar jar fitila da ke ƙyaftawa a cikin akwatin kwantirol, wato akwatin na'urorin da ke ba injin umarni. Sati uku leburori suna zuwa su zauna a inuwar darbejiya, har aka ɗauko wani matashi daga Legas da kuɗi masu yawa. Ya jona kwamfutarsa a akwatin, ya yi shiru yana bin lambobi, can ya ce mini: "Baba, injin ƙalau yake, na'urar auna zafi ce ke yi masa ƙarya, shi ya sa ya ƙi tashi don kada ya ƙone." Kafin la'asar injin na ruri. Yaron bai fi namu ƙwaƙwalwa ba, digiri na biyu ya yi a wannan fanni.

Ayyukan da ke buƙatar irinsa suna nan a ƙofar gidanmu. Injunan iska 37 da aka kafa a Lambar Rimi domin samar da megawat 10, kowannensu kwamfuta ce ke daidaita fikafikansa da ƙarfin iska. Layin dogon da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda zai taso daga Kano ya ratsa Daura da Katsina da Jibiya har Maraɗi, ba zai yi tafiya lami lafiya ba sai da masu kula da sigina da sauya layi. Haka ruwan Ajiwa da na Zobe, tun daga famfunan turo shi har zuwa auna maganin da ake zuba masa. A wajen jihar kuma ga matatar Ɗangote da kamfanonin siminti na Sakkwato da Obajana.

Hanyar karatun ba nesa take ba. Wanda ya gama digirin farko a lantarki ko kanikanci zai iya neman digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma Jami'ar Bayero ta Kano tana da sashen haɗa lantarki da kanikanci da kwamfuta. Sai dai karatu ne mai son lissafi mai zurfi da rubuta umarnin kwamfuta, kuma takarda kaɗai ba ta tayar da inji, dole ɗalibi ya taɓa waya da hannunsa. Abin da ke kayar da yawancinsu kuɗi ne, domin tallafin TETFund, asusun gwamnatin tarayya na bunƙasa ilimi mai zurfi, na malaman manyan makarantu ne, na PTDF kuwa, asusun bunƙasa fasahar man fetur, masu nema sun yi wa guraben yawa.

Saboda haka nake roƙon hukumar ba da tallafin karatu ta jiha ta ware gurabe na musamman kowace shekara, da sharaɗin wanda ya gama zai dawo ya yi wa jihar aiki na wasu shekaru, ko ya koyar a Jami'ar Sufuri ta Daura ko Kwalejin Hassan Usman, inda ya kamata a tanadi ɗakin gwaji mai akwatunan kwantirol irin na masana'anta.

Naku,
Wani tsohon ma'aikacin lantarki,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.